Littafin Lura da Fushin Abba

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Likitar da ke duba Abba ta ce bayanin baki ba zai wadatar da ita ba. Duk sanda ta tambaye ni sau nawa yake fushi a wata, amsata ita ce "kullum", ita kuwa ba za ta iya gyara magani da wannan amsa ba. Ta ce in sami littafi in ja layuka: rana, lokaci, yadda ya yi barci daren jiya, abin da ya ci da sa'ad da ya ci, ko ya sha magani a kan kari, abin da ya faru dab da tashin fushin, tsawon lokacin da ya ɗauka, da abin da ya sauko da shi. Farfaɗiya kuma idan ta zo, a rubuta ta da jan biro. Yau na fara. Zan riƙa taƙaita abin da ke ciki a nan lokaci zuwa lokaci, domin na san akwai iyaye da yawa da ke cikin irin halinmu, sun rufe ƙofa suna fama su kaɗai.

Abba shekararsa 8. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa muke kiransa haka. A daminar 2021 zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, kafin mu ankara ya hau masa ƙwaƙwalwa. Ya yi jijjiga, ya suma, ya kwana ya wuni bai san inda kansa yake ba, ana yi masa allurar atesunet. Allah ya tashi kafaɗunsa muka dawo gida muna hamdala. Bayan wasu watanni sai faɗuwa ta fara, babu ko zazzaɓi. Aka ɗora shi a kan fenobabiton, faɗuwar ta ragu sosai. Amma yaron nan mai sanyin hali, wanda ke bin kakarsa da butar alwala, ya zama wani daban.

Abu kaɗan ke tayar da shi: ƙanwarsa Ummi ta taɓa takalminsa, ko a ce ya jira a sauke tukunya. Sai idanunsa su kaɗa, jikinsa ya ɗauki rawa, ya yi jifa da duk abin da hannunsa ya kai, ya yi cizo, ya buga kansa da bango. Ya taɓa jifan Ummi da almakashin ɗinkina, Allah ya kiyaye bai same ta ba. Idan abin ya lafa sai ya fashe da kuka, ya zube kamar wanda ya wuni yana dako, wani lokaci ma ya tambaya wa ya fasa kofin.

Kowa da fassararsa. Wasu sun ce sangarta ce, bulala ce maganinta. Wasu sun ce iska ce ta shafe shi. Wata maƙwabciya ta ce mu kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau tun kafin ya yi ƙarfi. Abin da nake so littafin nan ya nuna mana shi ne wane ɓangare na fushin ciwo ne, wane ɓangare kuma hali ne da tarbiyya za ta iya taɓawa.

Lahadi, 27 ga Oktoba, 2024

Ashe ba kullum ba ne. Akwai ranakun da shafinsu yake fari fat, babu ko ɗigo, sai dai zuciya ta fi riƙe ranakun tashin hankali.

Yawancin fushin yana faɗawa tsakanin ƙarfe 2 da ƙarfe 4 na rana, wato daga dawowarsa boko zuwa tafiya islamiyya. Ya shigo da yunwa da gajiya da zafin rana, ana ce masa ina fensirinka, cire kayan makaranta, maza ka yi wanka kada ka makara. Alhamis da Juma'a da babu islamiyya, gidan ya fi lafiya. Na biyu, duk daren da barcinsa ya yanke, washegari sai mun ji a jikinmu. Na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai: kafin ranar da aka yi rubutu da jan biro, an yi kwana ɗaya yana ƙunci, ba ya son a taɓa shi, ba ya son hayaniya.

Mun sauya tsari. Kafin ya shigo abincinsa yana rufe a kwano. Ba wanda zai tambaye shi komai sai ya ci ya kwanta na rabin awa. Maganar fensir da aikin gida ta koma bayan magariba. Almakashi da allurai da reza na zuba su a gwangwani mai murfi na ɗora saman sif, wuƙaƙe kuma suna ɗakin girki a kulle.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024

Ranar asibiti. Mun je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun da sassafe, likita ta karanta littafin shafi-shafi, tana sa alama da fensir. Bayanin da ta yi mana zan rubuta shi yadda na fahimta.

Fushin irin na Abba yana iya fitowa ta hanya uku, kuma suna iya haɗuwa a yaro ɗaya. Ta farko ita ce raunin da zazzaɓin ya bari. Ƙwayar cutar da ake kira falsifarum tana sa ƙwayoyin jini su manne a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, su tare hanya. Yara da yawa suna warkewa sarai, wasu kuma ana barinsu da farfaɗiya, ko rashin tsayar da hankali, ko kasa danne zuciya idan ta taso. Ta biyu ita ce farfaɗiyar kanta: wasu yaran suna ƙunci kafin ta zo, bayan ta wuce kuma suna rikicewa, wanda ya riƙe su da ƙarfi a lokacin sai su kai masa duka ba tare da sun san wane ne ba. Ta uku ita ce maganin. Fenobabiton magani ne mai kyau, mai araha, ya tsayar wa mutane da yawa faɗuwa. Sai dai a jikin wasu yara yana kawo rashin natsuwa da saurin fushi, kuma likitoci sun daɗe da sanin haka.

An yi masa gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda suke kira EEG. Ana wanke kai ba a shafa mai, a manna wayoyi a fatar kan, na'ura ta riƙa zana layuka. Babu zafi, babu allura, amma sai da babansa ya zauna kusa da shi yana ba shi labarin ƙwallo kafin ya yarda. An kuma ɗebi jini don duba hanta da yawan ƙwayoyin jini.

Shawarar da aka yanke ita ce a mayar da shi kan Epilim, a riƙa ƙara shi a hankali ana janye fenobabiton a hankali. Ta maimaita mana har sai da babansa ya faɗa da bakinsa: ba a tsayar da maganin farfaɗiya rana ɗaya, domin hakan kan jawo faɗuwar da ba ta tsayawa. Idan muka ga amai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ciwon ciki mai tsanani, ko idanu sun yi ɗorawa, ko kasala ta fita hankali, mu dawo ba sai ranar da aka ba mu ba.

Ina roƙon duk mai karantawa kada ya je kemis ya ce a ba shi irin na Abba. Kowane yaro da irin farfaɗiyarsa. Epilim yana da haɗari ga jaririn da ke ciki, shi ya sa likitoci ke taka-tsantsan da shi a kan 'yan mata da matan aure. Akwai kuma Keppra da ake yawan rubutawa yanzu, shi ma yana tayar wa wasu yara zuciya. Abin da nake cewa kawai, idan halin yaronku ya sauya bayan fara magani, ku faɗa wa likita, kada ku ɗauka ba huruminsa ba ne.

Lahadi, 15 ga Disamba, 2024

Muna tsakiyar janye tsohon maganin, kuma makonnin nan ba su yi daɗi ba. Barcinsa ya rikice, yana farkawa tsakar dare ya zauna. An gaya mana za a iya ganin haka. Cin abinci kuwa ya ƙaru, tuwon da yake bari da, yanzu sai ya nemi ƙari.

Kuɗin sabon maganin ya ninka na tsohon nesa ba kusa ba. Mun yi shawara da babansa cewa kuɗin magani shi ake fara cirewa kafin cefane, ni kuma na shiga adashi don kada wata ya zo mana a ba-zata. A kemis ɗaya muke saye, ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wayoyinmu biyu suna ƙara ƙarfe 7 na safe da 7 na yamma.

Sanyi ya shigo. An hana kaskon wuta a ɗakin yara, kuma ba ya zama kusa da murhu. A layin asibiti na ga yaran da suka faɗa wuta, na ga tabon.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Hajiya, mahaifiyar maigida, tun farko ba ta gamsu da maganar asibiti ba. A ganinta shekara uku ana shan ƙwaya yaro yana ƙara birkicewa, ai wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ta samo labarin wani mai magani a ƙauye, ta ce a kai shi ya yi kwana bakwai, amma sharaɗin mutumin a ajiye maganin bature. Maigida ya rasa yadda zai yi, ga uwa ga ɗa.

Ban yi musu da ita ba. Bayan isha'i na ɗauki littafin na je ɗakinta na zauna a ƙasa, na ce, "Hajiya, ki ba ni izini in karanta miki abin da nake rubutawa." Na karanta mata na Oktoba, na karanta na makonni biyun nan da aka gama janye fenobabiton. Har yanzu yana fushi, amma buga kai da bango ya yi ƙaranci, kuma abin da kan kai awa yanzu yakan lafa kafin a idar da sallah. Ta yi shiru, can ta ce, "To Maman Abba, addu'ar fa? Ita ma likitar ta hana?" Na ce ko kusa.

Washegari maigida ya gayyato limamin masallacin unguwa ya gaishe ta. Ya kawo hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas, na matar da ta zo wurin Manzon Allah (SAW) tana da farfaɗiya, ya ba ta zaɓi tsakanin ya yi mata addu'a ko ta yi haƙuri ta sami Aljanna, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa, ya yi mata. Liman ya ce wa Hajiya mai wannan ciwo ba abin ƙyama ba ne, kuma neman magani ba ya karo da tawakkali.

Aka tsaya a kan haka: Hajiya ce mai yi masa tofi da azkar safe da yamma. Babu hayaƙi, babu jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, babu duka da sunan fitar da wani abu, kuma ƙwaya ba ta tsayawa.

Abin da ban zata ba, ita ce ta fi kowa iya sauko da shi. Ba ta kiran sunansa, tunda sunan mijinta ne, Maigida take ce masa. Da ta ga ya fara huci sai ta shimfiɗa tabarma ta zauna da carbinta ta ce, "Maigida, zo ka zauna, mai fushi idan yana tsaye zama yake yi." Ba ta ƙara ko kalma. Idan an tare shi da wuri yakan zauna, wani lokaci har ya yarda ya yi alwala. Idan ya riga ya hau, babu maganar da ke shiga, sai a jira.

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025

Yau Ranar Farfaɗiya ta Duniya, wadda ake yi Litinin ta biyu a watan Fabrairu. Ta zo mana da ɗanyen ciwo, domin makon jiya Abba ya faɗi a islamiyya, yana fama da mura da ɗan zazzaɓi.

Yara suka watse, wai kada yawunsa ya taɓa su. Wani ya kawo cokali ya tura masa a baki har leɓensa ya fashe. Da ya fara farfaɗowa sai manyan ɗalibai suka danne shi, shi kuwa bai san inda yake ba, ya ciji ɗaya a hannu. Kafin magariba labari ya zaga unguwa cewa mahaukacin yaro ya ciji ɗan mutane, wasu iyaye suka ce ko a cire shi ko su cire nasu. Na yi kuka ranar, na yaron da aka ciza da na nawa.

Babansa ya je gidan su yaron ya ba da haƙuri, ya biya kuɗin wanke ciwon. Sannan muka rubuta takarda da Hausa, likita ta duba ta sa hannu, ya kai wa shugaban makarantar da malamin ajinsu na boko. Ga abin da ke ciki. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko numfashi ko taɓawa. Idan ya faɗi a kawar da benci da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe ɗaya don yawu ya fita. Kada a sa masa komai a baki, ba cokali, ba yatsa, ba ruwa, domin mutum ba ya haɗiye harshensa. Kada a danne shi. A duba agogo: idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta tsaya ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a tafi asibiti kai tsaye. Idan ya farfaɗo a rage taro, mutum ɗaya da ya sani ya zauna kusa da shi yana yi masa magana a hankali har ya dawo hayyacinsa.

Shugaban makarantar ya karanta wa malamai, ya kuma tsaya a kan cewa Abba ba zai bar makaranta ba. Allah ya saka masa da alheri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Idan na tuna wannan adadi, sai in tuna yaran da aka cire daga makaranta aka ajiye a ƙuryar ɗaki, alhali ƙwaya ce ba su samu ba.

Laraba, 12 ga Maris, 2025

Azumi ya kama ranar 1 ga wata, Abba kuma ya kafe sai ya yi, tunda sa'o'insa suna ƙirga nasu. Hana shi ya jawo fushi mai tsanani kwana biyun farko. A nan ban ga laifinsa ba: yaro ne da aka riga aka ware a abubuwa da yawa.

Azumi bai wajaba a kansa ba, kuma abubuwa biyun da littafin ya nuna sun fi tayar da shi, yunwa da yankewar barci, su ne azumi ke zuwa da su. Likita ta ce kada a taɓa lokacin maganinsa. Hajiya ce ta kawo mafita irin ta da: ranakun da babu boko ya karya ƙarfe 7 ya sha magani, ya kame baki zuwa azahar, ita za ta ɗinke masa rabi da rabi. Ya san wasa ne, amma ya karɓa, har yana zuwa wurin kekena ya ce in ara wa Hajiya zare. Ba ma tashinsa sahur. Da shan ruwa kuma shi ke raba dabino, wannan aikinsa ne ba mai taɓawa.

'Yan tashe sun fara zagawa. Yana kallonsu a ƙofar gida tare da babansa zuwa ƙarfe 9, daga nan sai shimfiɗa.

Asabar, 19 ga Afrilu, 2025

Bazara ta mayar da mu baya. Zafin Kano a wannan wata yakan haura digiri 40, wuta kuma sai ta ga dama. Ba ya barci, shafukan sun sake cika. Mun sayi fanka mai caji, yana wanka kafin ya kwanta, muna shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro. Ya ɗan taimaka.

Abin da ya fi damuna a watan nan Ummi ce. Shekararta 6. Ina zuba wa Abba abinci ta tsaya ta ce, "Mama, ni ma in na yi jifa za a fara zuba mini?" Yarinyar nan ita ta fi kowa shan dukansa, ita ake ce wa ki yi haƙuri yayanki ba shi da lafiya, ita ake ce wa ki ba shi kawai a zauna lafiya. Babu layinta a littafin, amma ciwon nan ya ci rabonta.

Na zaunar da ita na gaya mata gaskiya daidai hankalinta: akwai ciwo a kan Yaya Abba da ke sa zuciyarsa ta tashi da sauri, ba ita ta jawo ba, kuma ciwon bai ba shi izinin dukanta ba. Idan ta ga ya fara, ta kama hannun Auta su tafi ɗakin Hajiya, ba sai ta tsaya kare kayanta ba, ni zan kare mata. Abin da yake nata ba za a ƙara karɓewa a ba shi don a kashe wuta ba. Yanzu tare nake zuba musu abinci. Duk Juma'a da yamma kuma ni da ita ne, in yi mata kitso, ko mu je gidan Yaya mu biyu.

Ni ma na gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa. Yayata ta karɓi Abba duk Asabar daga safe zuwa la'asar, ta haddace takardar taimakon gaggawa, maganinsa na yamma kuma a gida yake sha.

Asabar, 17 ga Mayu, 2025

Wannan watan ne na fara ganin abin da na buɗe littafin dominsa. Ya nemi wayata na hana. Ya ɗauki kofi, ya dube ni, ya dubi Hajiya, sannan ya jefar. Idanunsa garau, jikinsa ba ya rawa. Wancan fushin ba ya duban kowa kafin ya zo. Wannan kuwa yaro ne mai wayo da ya gane cewa idan ya yi jifa gida yana rusunawa. Na buɗe sabon layi ina rubuta "na ciwo" ko "na neman abu", ko alamar tambaya idan ban tabbatar ba, kuma alamar tambayar tana da yawa.

Likita ta haɗa mu da masanin halayyar yara, ya taimaka mana muka tsara doka uku kacal: ba duka, ba jifa, ba cizo. Lokacin da fushi ke sama ba a wa'azi, ba a tambaya, ba a ɗaga murya. A fitar da yara, a sa matashi tsakanin kansa da bango, ba a riƙe shi sai idan zai ji wa kansa ko wani ciwo. Bayan ya sauko ya huta, ko wane iri ne fushin, zai gyara ɓarnar: ya share abin da ya fasa, ya ba wanda ya ɓata wa haƙuri. Idan na neman abu ne, abin da ya nema ba zai samu ba ranar, kuma babu kallo da dare. Duk sanda ya danne zuciyarsa, ko kaɗan ne, a faɗa masa nan take an gani.

Kawunsa ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan lallaɓawar ɓata yaro ce. Babansa ya ce, "Yaya, ai tanƙwarawar muke yi, bulala ce dai ba ta yi a nan." Ina tare da shi. Yaron da aka ce ƙwaƙwalwarsa na kasa danne zuciya, idan aka dake shi a tsakiyar fushi me aka koya masa ban da cewa mai ƙarfi shi ke duka? Barinsa ya yi yadda ya so ma zalunci ne, domin wata rana zai zama saurayi mai ƙarfi, kuma mutanen waje ba za su tambayi tarihin ciwonsa ba.

Babban ci gaban shi ne ya sami kalmarsa. Ran Talata ya shigo ɗaki ya ce, "Mama, kaina ya yi zafi." Na ce je ka wurin Hajiya. Ya je ya zauna a tabarma yana huci, ba a fasa komai ba.

Lahadi, 8 ga Yuni, 2025

An yi Babbar Sallah ran Juma'a. Gida cike da baƙi da wuƙaƙe da wutar suya, don haka babansa bai bar shi ya matsa daga gefensa ba, ya ba shi aikin kai nama gidajen maƙwabta. Fushi ɗaya aka yi, da yamma, ranar da bai sami kwanciyar rana ba. Ya ture ɗan baffansa, bayan magariba ya je da kansa ya ba shi haƙuri. Tun faɗuwar Fabrairu jan biro bai fito ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, 2025

Jan biro ya fito. Damina ta kankama, zazzaɓi ya kama shi cikin dare, kafin gari ya waye ya faɗi. Gajeriya ce, ba ta kai minti 5 ba. Da safe aka yi masa gwajin yatsa, cizon sauro ne, aka ba shi magani ya shanye na kwana uku cif. Mako guda bayan nan fushin ya dawo kusan yadda yake a Oktoba, har da buga kai. Yanzu ya fara lafawa, jiya ya sake cewa kansa ya yi zafi.

Likita ta auna shi ta ce nauyinsa ya ƙaru, maganin ya yi masa kaɗan, ta gyara adadin. Ta ce sai yaro ya yi kamar shekara biyu babu faɗuwa ake fara tunanin janye magani, don haka ƙirgarmu ta koma farko. Ta kuma ce duk zazzaɓi a jikin Abba a gwada shi ranar, kada a tsaya jiran gobe.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma ina ganin da yawanmu mun saba da shi har mun daina jin tsoronsa. Masu rabon maganin rigakafin damina sun zo gida-gida, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Auta ta karɓa, na kuma tabbatar ta sha na rana ta biyu da ta uku da ake bar wa uwa. Abba da Ummi sun wuce shekarun, nasu gidan sauro ne, na ɗinke duk hujin da ke jiki. Allurar rigakafin cutar da aka fara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, ina sauraron ranar da za a ce mu kai Auta.

Matsalar da ke gabanmu yanzu karatu ce. Sakamakon zangon nan ya nuna yana baya a karatu da lissafi, malaminsa ya ce abin da ya koya yau gobe sai an sake. Makaranta ta ba da shawarar ya maimaita aji uku. Babansa yana ganin hakan zai ba shi damar kamo abin da ya wuce shi. Ni tsorona ranar da zai ga abokansa sun wuce an bar shi da ƙannensu, domin na san me irin wannan ke yi wa zuciyarsa. Ba mu yanke ba. Ran Talata babansa zai je ya ji ko za a bar shi ya wuce a zaunar da shi a gaba, mu kuma mu samo mai yi masa darasi a hutun nan, rabin awa da safe bayan ya karya. Zan kai maganar wurin masanin halayyar ranar da za mu koma a Agusta, kafin a koma makaranta.